Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Tsibirin Sapelo: Zuwa ga Kwamishinonin Gundumar McIntosh da Hukumar Albarkatun Ƙasa ta Jihar Jojiya

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da jama'ar da aka ɗora muku nauyinta.

Ina rubuto muku ne da yawun wasu 'yan Afirka ta Yamma masu jin Hausa da ke zaune a Atlanta da kewayenta. A cikinmu akwai direbobi, akwai ma'aikatan jinya, akwai ɗalibai da 'yan kasuwa. Ba mu da ko taku ɗaya na fili a Sapelo, ba ma kuma kaɗa ƙuri'a a gundumar McIntosh. Mutanen Hog Hammock, ƙauyen da ke tsibirin, su ma ba su aiko ni ba, suna da bakinsu, sun daɗe suna magana tun kafin mu san hanyar wurin. Sai dai muna biyan haraji a jihar nan, kuma kimanin kashi 97 cikin 100 na tsibirin mallakar jiha ne, don haka muna ganin muna da ta cewa. Akwai kuma wata igiya da ta ɗaure mu da wurin, zan zo kanta. Da Hausa na rubuta domin waɗanda nake magana da yawunsu su fara karantawa, su shaida ban yi musu ƙari ba. Fassarar Turanci za ta iso ofisoshinku.

Abu biyu suka sa na ɗauki alƙalami. Na farko ƙuri'ar da kwamishinoni suka kaɗa ranar 12 ga Satumba, 2023, wadda ta sauya dokar gine-gine a Hog Hammock. Na biyu gadar hawa jirgin fito da ta karye ranar 19 ga Oktoba, 2024, mutum bakwai suka rasu.

Ku yi haƙuri in fara faɗin abin da kuka riga kuka sani, saboda masu karatu na da yawa ba su taɓa jin sunan wurin ba. Sapelo na ɗaya daga cikin jerin tsibiran yashi da suka yi wa gaɓar Jojiya garkuwa. Igiyar Tekun Atlantika da guguwarta a kansu suke fara saukewa kafin su kai ga garuruwan da ke baya. Yana da nisan kusan mil 60 kudu da birnin Savannah, faɗinsa kimanin eka 16,500. Babu gada. Wanda zai je sai ya hau jirgin fito daga Meridian ya ratsa ruwan Doboy. A cikin jerin tsibiran nan, huɗu ne kawai mota ke shiga: Tybee, St. Simons, Sea Island da Jekyll. Duk wanda ya ga yadda otal-otal da filayen wasan golf suka cika St. Simons, sannan ya sauka a Sapelo, zai ɗauka wata ƙasa ya shiga. Manyan itatuwan oak ne sun yi rumfa bisa hanyar yashi, wani tsiro mai kama da furfura yana reto a rassansu, kadoji a kududdufai, barewa na gilmawa, shanu ma akwai waɗanda suka daɗe da komawa daji. Tsakanin tsibirin da babban yanki kuma fadamar gishiri ce iya ganinka, teku na cika ta tana janyewa sau biyu a yini, ruwan na hawa ƙafa shida zuwa tara.

Masu tallan yawon buɗe ido kan kira irin wannan wuri "inda hannun ɗan Adam bai taɓa ba". Wannan magana ba ta da tushe, kuma ina ganin ita ce uwar kuskuren da ake yi wa Sapelo. A arewacin tsibirin akwai da'irori na ɓawon kawa da mutanen farko suka tara sama da shekara 4,000 da suka wuce. Mutanen Guale, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, sun zauna nan. 'Yan mishan na Sifaniya sun kafa tasha a ƙarni na 17, daga sunanta Zapala ma aka sami Sapelo. A 1802 Thomas Spalding ya sayi kudancin tsibirin ya mai da shi gandun auduga da rake, ya tara bayi wajen 400. Su suka sare daji, su suka haƙa magudanan ruwa, su suka ƙona ɓawon kawa suka kwaɓa shi da yashi suka yi gine-ginen da kufansu ke tsaye har yau. Wurin da ake kira daji, gona ce da gumin mutane ya jiƙa, daga baya itatuwa suka dawo suka rufe.

Ga igiyar da na ce ta ɗaure mu. Sarkin gandun Spalding wani Bafulatani ne mai suna Bilali Muhammad, ɗan Timbo a Futa Jalon, ƙasar Gini ta yau. An kama shi yana saurayi, aka bi da shi ta tsibiran Karibiyan, ya ƙare a Sapelo. Mai karatu ne. Ya rasu wajajen 1857, ya bar wani ɗan littafi na shafi 13 da ya rubuta da Larabci da hannunsa, kan alwala da kiran salla da salla da tauhidi. Littafin na nan ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Jojiya a Athens. Shekaru da yawa Turawa suna zaton tarihin rayuwarsa ne ya rubuta. Sai masanin harsuna Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna wa malamai kwafin rubutun. Da farko ya gagare su saboda yadda haruffan suka cakuɗe, daga baya suka gane akwai sawun Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a ciki, littafin da almajiran fiƙihu ke karantawa a zaurukanmu har gobe. Ya buga bayanin a 1940. Masana na baya sun ce Bilali bai tsaya kwafa kawai ba, akwai tsarinsa a ciki. Ko ma yaya ne, ku dubi abin: mutum a tsibirin da babu masallaci, babu malami, babu wanda zai tambaya, ya zauna yana tono karatun ƙuruciyarsa daga ka, bayan shekaru masu yawa, kuma malaman Kano ne suka gane muryarsa.

A shekarun 1930 masu tattara tarihin baka na gwamnati sun zanta da tattaɓa-kunnensa, Katie Brown. Ta ce Bilali da matarsa suna jan carbi, suna da 'yar shimfiɗar da suke durƙusawa a kai, yana faɗin wata kalma da ta riƙe a matsayin "Hakabara", matar na amsawa da "Amin, Amin". Ta kuma ce kakarta takan yi wata waina ta shinkafa sau ɗaya a shekara, ta tara yara ta raba musu, sunan abin "saraka". Ta ce jiƙa shinkafar ake yi ta kwana, a daka a turmi, a sa zuma. Ranar da na karanta wa abokan zamana wannan, wata dattijuwa a cikinmu ta riƙe baki ta ce, ai gumba ce, gumbar sadaka. Babu wanda ya ƙara magana na ɗan lokaci.

Zuriyar waɗannan mutane, waɗanda ake kira Gullah-Geechee, su ne mazauna Hog Hammock. Bayan yaƙin basasar Amurka sun sayi filaye da kuɗin guminsu, tun daga Raccoon Bluff a 1871. Sun kafa ƙauyuka: Raccoon Bluff, Shell Hammock, Belle Marsh, Lumber Landing. A farkon ƙarni na 20 sun kai wajen mutum 500. Howard Coffin, attajirin motoci, ya sayi mafi yawan tsibirin a 1912, R. J. Reynolds ƙarami, magajin dukiyar taba, ya saya daga hannunsa a 1934. A zamanin Reynolds ne aka yi ta musanyen filaye da matsin lamba har aka tattara kowa a wuri guda, Hog Hammock, eka 434 a ƙasa mai kwari. Jiha ta sayi sauran a 1969 da 1976. Yau waɗanda ke kwana su tashi a can daga cikin zuriyar ba su kai 50 ba. Wato an taɓa tashinsu sau ɗaya, kuma akwai waɗanda suka ji labarin daga bakin iyayen da aka tasa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, ku karanta shi da wannan a zuciya.

Kokenmu na farko, kuma mafi girma, dokar gine-gine ce. Tun 1994 gundumar McIntosh ta taƙaita girman gida a Hog Hammock ga ƙafa murabba'i 1,400 na wurin zama. Magabatanku ne suka yi dokar, kuma sun rubuta dalilinsu a ciki ɓaro-ɓaro: don kada darajar filaye ta hau har ta kori 'yan asalin wurin. A 1996 aka sa ƙauyen cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa. Sai ga shi a 2023, da ƙuri'a uku a kan biyu, an ɗaga iyakar zuwa ƙafa 3,000, an kuma goge wancan jimlar da ke bayyana manufar kare mazauna. Goge jimlar ya fi ba ni tsoro a kan ƙarin lambar. Da a ce girman ɗaki kawai ake son gyarawa, me jimlar ta tsare wa wani?

An ce iyalai na buƙatar wurin saukar 'ya'ya da jikoki. To, wane iyali? Tsohuwar da ke rayuwa da kuɗin fansho ba ta da abin gina ƙafa 3,000 a tsibirin da kowane buhun siminti da kowane katako sai an ɗauko shi a jirgin ruwa. Mai iya wannan shi ne baƙo mai kuɗi da ke son gidan hutu. Da ya gina, sai mai ƙiyasta haraji ya zo ya dubi gidansa ya ce filin unguwar ya yi daraja, takardar harajin maƙwabciyarsa ta kumbura, alhali ko fenti ba ta sake ba. Ba hasashe nake yi ba. A 2012 an sake ƙiyasin filayen Hog Hammock, harajin wasu ya ninka sau biyar, na wasu ya fi haka, sai da aka yi ta ɗaukaka ƙara kafin a sassauta. Filaye da yawa kuma na gado ne, ba a raba ba, magada sun warwatsu a Savannah da Jacksonville da New York. Haraji na hawa, wani daga cikin magadan zai gaji ya sayar da rabonsa, daga nan sai bango ya tsage. Haka aka yi a St. Simons bayan an yi hanyar mota a 1924, inda abokin Bilali, Salihu Bilali ɗan Masina, ya yi tasa bautar. Haka aka yi a Hilton Head ta Karolina ta Kudu bayan gadar 1956. Ba a kori kowa da bindiga ba. Takardar haraji ce ta yi aikin.

Na biyu ya shafi ƙasar kanta, kuma nan nake son jami'an Hukumar Albarkatun Ƙasa su saurara da kyau, domin ilmin da zan faɗa a Sapelo aka haife shi. A 1953 Jami'ar Jojiya ta kafa cibiyar binciken teku a tsibirin. Eugene Odum da John Teal da abokan aikinsu suka shiga taɓo har gwiwa suka auna abin da ciyawar spartina ke samarwa, suka nuna wa duniya cewa fadamar da ake raina wa a matsayin matattarar sauro na cikin wurare mafi albarka a doron ƙasa. Ciyawar na mutuwa ta ruɓe, ƙananan halittu su ci, jatan lande da ƙaguwa da 'ya'yan kifi su yi ƙiba a cikin rafukanta kafin su fita teku. Masuntan Darien, hedkwatar gundumar, daga nan suke ci. Lokacin da wani kamfani ya nemi haƙar ma'adinin fosfet a fadamun jihar a ƙarshen shekarun 1960, wannan binciken ne ya ba mutane hujja, har aka yi dokar kare fadamun gaɓa ta 1970. Saboda ita ne Jojiya, mai gaɓar da ba ta wuce mil 100 ba, ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na fadamar gishirin da ta rage a gabashin Amurka. A 1976 aka ware wani sashe na Sapelo a matsayin wurin binciken bakin kogi na ƙasa.

To, Hog Hammock a bakin wannan fadama take. Ƙasarta yashi ce, ruwan ƙasa na kusa da sama, babu bututun kwashe ƙazanta, kowane gida da sokawensa. Gida mai banɗaki huɗu da baƙi goma sha biyu a ƙarshen mako ba daidai yake da gidan tsoho da tsohuwa ba. Idan ruwa ya cika ƙasa, sokawe ba ya tacewa, abin da ke ciki sai ya bi magudana ya faɗa rafin da kawa ke girma. Teku kuma tana hawa. Ma'aunin da ke Fort Pulaski kusa da Savannah ya nuna ta ƙaru da kusan ƙafa guda tun 1935. Magudanan da bayi suka haƙa don fitar da ruwa daga gona, yanzu su ne ke shigo da ruwan gishiri cikin ƙauye idan teku ta yi babbar cika. Guguwar Irma ta 2017 ta malale wurin. Mai kuɗi zai ɗaga gidansa bisa dogayen ginshiƙai, ya cike filinsa da ƙasa, ruwan da ya kora kuwa ƙofar maƙwabcinsa zai nufa. Abin mamaki ne a ce hukumar da ke kashe kuɗi tana auna gishirin rafukan Sapelo tana kallo ana ninka nauyin da aka ɗora wa rafukan, ta ce wannan harkar gunduma ce.

Na uku kunkurun teku. Na taɓa kai 'ya'yana bakin ruwan Nannygoat da ke Sapelo a farkon bazara. Muna tafiya da hantsi sai ƙaramar ta tsaya ta ce, Baba, wa ya shigo da tarakta nan? Sawu ne mai faɗi, ya fito daga ruwa ya hau har gindin tudun yashi ya koma. Wata mai aikin sa ido ta bayyana mana cewa uwar kunkuru ce ta fito da dare, ta haƙa rami ta zuba ƙwai sama da ɗari ta rufe. Ta nuna mana ragar da suke shimfiɗawa a kan ramin saboda aladun daji da dabbar rakun. Ƙwan kan yi kusan kwana 60. Zafin yashi ne ke raba mace da namiji, in ya yi yawa mata su fi yawa. 'Ya'yan na fitowa da dare su nufi inda sararin sama ya fi haske, wato saman teku. In akwai hasken lantarki a bayansu, sai su juya masa, gari ya waye su a cikin ciyawa, rana ko tsuntsu ya gama da su. Wadda ta tsira sai ta yi wajen shekara 30 kafin ta dawo yankin da aka haife ta ta yi nata ƙwan.

A nan dole in yaba muku. A 2004 ramukan ƙwai da aka ƙirga a duk gaɓar Jojiya ba su kai 400 ba. A 2022 sun haura 4,000. Aikin ma'aikatanku ne da 'yan sa kai da ke tashi kafin asuba, da kuma ƙofar tsira da ake sa wa komar jatan lande don kunkuru ya fice, wadda wani masunci ɗan Darien, Sinkey Boone, ya ƙirƙiro samfurinta na farko. Ɗan gundumarku ne. Amma ku tambayi kanku me ya sa bakin ruwan Sapelo yake da duhun da kunkuru ke so. Saboda mutanen da ke bayan tudun yashin 'yan kaɗan ne, gidajensu gajeru, suna kashe fitila su kwanta. Na san gidajen Hog Hammock ba a kan rairayin bakin teku suke ba. Sai dai manyan gidajen haya na zuwa da nasu kaya: fitilun tsakar gida da ke haska sama, motocin yawo da dare, karnuka, taron biki a bakin ruwa. Tsuntsayen da ke ƙwai a kan yashi tsirara, da waɗanda ke yada zango a nan a hanyarsu daga ƙarshen Kudancin Amurka zuwa yankin ƙanƙara na arewa, ba sa jure a yi ta tashinsu. Shekara 30 kunkuru ke ɗauka kafin a ga sakamakon kuskure. Kafin a gane, waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar sun daɗe da barin kujera.

Na huɗu shi ne mafi ɗaci. Ranar 19 ga Oktoba, 2024, ɗaruruwan mutane sun je bikin al'adu na shekara-shekara da mutanen tsibirin ke shiryawa. Da yamma suna jiran jirgin komawa, gadar alminiyon da ake bi a hau jirgi ta karye a tsakiya. Mutum wajen 20 suka faɗa ruwa mai ƙarfin ja. Bakwai suka rasu, dukansu dattawa, daga mai shekara 73 zuwa mai 93. Allah ya ba iyalansu haƙuri. Gadar ba tsohuwa ba ce, a 2021 aka kafa ta, kuma an kafa ta ne bayan mazauna sun kai ƙara kotun tarayya a 2015 kan cewa suna biyan haraji ba sa ganin aiki. Jiha ta sasanta da su a 2020, gunduma a 2022, da alkawarin inganta agajin gaggawa, har da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. Bayan haɗarin, mazauna sun ce ba a gina wurin ba. Waɗanda suka fara tsunduma ruwa suna ciro mutane, mazauna ne da baƙi da ma'aikatan jirgi. Tsibirin ba shi da asibiti. Yaransa a jirgin fito suke zuwa makaranta. Wannan gada ita ce titinsu, ita ce ƙofar asibitinsu. Ba ni da ilmin injiniya, ba zan yanke hukunci kan abin da ya karya ta ba, wannan aikin masu bincike da kotu ne. Abin da na sani shi ne alkawari kaya ne, kuma mutanen da sai sun je kotu kafin a gyara musu matsayar jirgi suna da hujja idan suka ce ana yi musu riƙon sakainar kashi.

Na ƙarshe gajere ne. A Darien ake zaman yanke hukunci kan Hog Hammock, a ƙetaren ruwa, mutanen da abin ya shafa kuwa jadawalin jirgi ke juya su. Da 'yan gunduma sama da 2,000 suka sa hannu suna neman ƙuri'ar raba gardama kan dokar, aka sa ranar 1 ga Oktoba, 2024, har an fara kaɗa ƙuri'ar wuri, gunduma ta nemi kotu ta tsayar, aka tsayar. Magana ta kai har Kotun Ƙolin jiha. Ba zan shiga gardamar lauyoyi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da kuɗin harajin mutane aka yi shari'ar hana su faɗin ra'ayinsu.

Marigayiya Cornelia Walker Bailey, jikanyar zuriyar Bilali, wadda ta rasu a 2017, ta ƙare rayuwarta tana ƙoƙarin ganin ƙauyen bai mutu ba. Ita da mutanenta suka farfaɗo da noman jan wake na Sapelo da tsohon irin rake mai ratsin shunayya, don matasa su sami abin yi su dawo gida. Aikin na ci gaba a hannun 'ya'yanta da jikokinta. Ana kuma jera ɓawon kawa a bakin rafuka don rage zaizaya. Mutanen da ke wannan ba su ne barazana ga tsibirin ba. Ni a ganina, in kuna neman ma'aikatan kare muhalli da ba sa karɓar albashi, ga su nan kun samu tun 1871.

Ga abin da muke roƙo.

Ga kwamishinoni: ku rubuta iyakar ƙafa 1,400 cikin dokar gunduma da hannunku, tare da jimlar 1994 da ke cewa manufar ita ce kare 'yan asalin wurin. Kada ku bari ya zama abin da kotu ko akwatin zaɓe suka ƙwata daga hannunku, kada kuma a bar ƙauyen ko na wata guda babu iyaka a rubuce, domin a irin wannan giɓi ne ake shigar da takardun gini. Ku nemi 'yan majalisar jiha su ba da damar daskarar da ƙiyasin haraji a kan filayen da ke hannun zuriyar, muddin ba a sayar wa bare ba. Duk zaman da za a tattauna Hog Hammock, ku hau jirgi ku je ku yi shi a can. Akwai coci biyu a ƙauyen, akwai ɗakin taro, kujeru ba za su gagara ba.

Ga Hukumar Albarkatun Ƙasa: ku buga cikakken sakamakon binciken gadar a inda kowa zai karanta, da jadawalin duba matsayun jirgi na Meridian da na Sapelo, da sunan ofishin da ke da alhakin sa hannu a kowane dubawa. Ku zauna da gunduma ku kammala duk abin da aka yi alkawari na agajin gaggawa, ku faɗi ranar gamawa. Ku sa masananku su yi nazarin yawan sokawe da famfon da ƙasar Hog Hammock za ta iya ɗauka, ku miƙa wa kwamishinoni a rubuce kafin a ba da izinin wani babban gini. Ku gyara magudanan da ke ratsa filin jiha suna kai ruwan gishiri cikin ƙauye, ku sa musu ƙofofin da ke rufewa idan teku ta ciko. Ku sa dokar fitila da ta karnuka da ta motoci a bakin ruwan Nannygoat da Cabretta daga Mayu zuwa Oktoba, ta hau kan kowane mai gidan haya. Idan za a ɗauki masu yi wa baƙi jagora, da masu sa ido kan ramukan kunkuru, da ma'aikatan jirgi, a fara da 'ya'yan tsibirin. Ku kuma ba zuriyar kujeru masu ƙuri'a a duk kwamitin da ke yanke shawara kan filayen Sapelo, har da Raccoon Bluff da maƙabartar Behavior inda kakanninsu ke kwance.

Daga ɓangarenmu, mun yi shawarar tara abin da ya sawwaƙa mu miƙa wa asusun da mazauna ke taimaka wa juna da shi wajen biyan haraji, kuma za mu zo bikin al'adu na Oktoba da 'ya'yanmu, mu bi ta wannan gadar. Muna roƙon amsa a rubuce kan buƙatun nan kafin watan Mayu, lokacin da kunkuru ke fara fitowa.

Mun gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Wani mazaunin Atlanta, a madadin 'yan'uwansa masu jin Hausa a jihar Jojiya